Waiwaye: Yaƙin Hitila da haƙƙin mazan jiya

Tun da sojojin Faransa suka fice daga Nijar a Disamban 2023, hira a majalisun shayi na Yamai kan koma kan kakannin da aka kwasa zuwa yaƙin Hitila. Asalin abin ya girmi yaƙin. Tun 1919 Faransa ta kafa ɗaukar soja na dole a Afirka ta Yamma, hidimar shekara 3. Kumandan ya yanka wa sarki adadi, sarki ya tara samari, likita ya duba ƙirji da haƙora, a jefa ƙuri'a. Mai galihu yakan ɓoye ɗansa, ɗan talaka ya tafi.

Hujjar yaƙin ba ta da wuyar karewa. Gwamnatin Hitila ta gina kanta kan fifikon jinsi, ta hallaka Yahudawa wajen miliyan 6, kuma a Yunin 1940 sojojinta sun ware fursunoni baƙar fata a Chasselay, wani ƙauye a Faransa, suka harbe su. Sai dai Nijar kanta tana hannun gwamnatin Faransa ta Vichy, mai bin Jamus, har ƙarshen 1942, alhali Cadi ta bi De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, tun Agustan 1940.

Inda hujjar ta yi rauni shi ne alkawari. Yarjejeniyar Atlantika ta 1941, tsakanin Birtaniya da Amurka, ta ce kowace al'umma ta zaɓi gwamnatinta. Churchill, firaministan Birtaniya, bai ɓata lokaci ba ya ce ban da ƙasashen da suke mallaka. Bayan saukar sojojin ƙawance a Provence, kudancin Faransa, a Agustan 1944, aka janye baƙaƙen sojoji daga fagen daga, aka miƙa kakinsu da bindigoginsu ga Faransawa. Ranar 1 ga Disamban shekarar, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan baƙaƙen sojojin da suka nemi bashin albashinsu. Rahoton soja ya ce mutum 35 ne suka mutu. Masana tarihi suna ganin sun fi haka nesa. Sai a 2024 shugaban Faransa ya kira shi kisan kiyashi.

An samu wani abu dai. A 1946 aka soke aikin tilas, aka kafa jam'iyyar siyasa ta 'yan Nijar, PPN, a Yamai.

Fansho ne ya ja dogon zare. Dokar Disamban 1959 ta daskarar da kuɗin mazan jiya na ƙasashen da suka samu 'yanci, na Bafaranshe yana hawa, nasu yana tsaye. Kotun ƙolin gudanarwa ta Faransa ta ce wariya ce a 2001, amma ba a daidaita gaba ɗaya ba sai Janairun 2011, shi ma sai mutum ya rubuta takardar nema. Wanda aka ɗauka yana ɗan shekara 20 a 1940 ya haura 90 a lokacin.