Lissafin saƙar alaƙa

Lissafin saƙar alaƙa reshe ne na ilimin lissafi da ke nazarin tsarin da ƙananan sassa masu yawa suka haɗu suka gina, kowanne yana sauya halinsa gwargwadon abin da maƙwabtansa suka yi, kamar kasuwa, layukan wutar lantarki da yaɗuwar annoba. Ana zana kowane sashe a matsayin ɗigo, alaƙar da ke tsakaninsu kuma layi, sannan a shiga ƙirge.

Tarihi

Galibi ana danganta asalinsa da Leonhard Euler, wajajen 1735 zuwa 1736. A birnin Königsberg, wanda yanzu ake kira Kaliningrad a Rasha, akwai gadoji bakwai a kan kogin Pregel, mutanen garin kuma suna tambaya ko mutum zai iya bin kowace gada sau ɗaya tak. Euler ya nuna ba zai yiwu ba. Ya ajiye tsawon gadoji da faɗin tituna gefe, ya ƙirga gadojin da suka taɓa kowane yanki na ƙasa kawai: biyar, uku, uku, uku. Wanda ya shiga yanki ta wata gada dole ya fita ta wata, don haka in ban da inda aka fara da inda aka ƙare, dole gadojin kowane yanki su rabu biyu-biyu, a nan kuwa babu ko ɗaya cikin yankunan huɗu da nasa suka rabu haka. Wannan watsi da duk abin da ba alaƙa ba shi ne tushen fannin.

A 1959 da 1960 Paul Erdős da Alfréd Rényi, 'yan Hungary, suka nazarci ɗigogin da ake haɗawa barkatai. Sun gano cewa da zarar matsakaicin layukan kowane ɗigo ya haura ɗaya, sai wani katafaren rukuni ya bayyana kwatsam. Duncan Watts da Steven Strogatz a 1998 suka bayyana yadda 'yan layuka masu dogon zango ke rage tazara tsakanin kowa da kowa. Bayan shekara guda Albert-László Barabási da Réka Albert suka nuna cewa sabon ɗigo ya fi son manne wa wanda ya riga ya tara layuka, daga nan manyan cibiyoyi, wato ɗigogi masu tarin layuka, ke tasowa. Cibiyar nazari ta Santa Fe a Amurka, da aka kafa a 1984, ta yi suna a wannan bincike.

Misali

Da asuba motocin Masaka, Mararaba da Nyanya kan taru a titi guda zuwa mahaɗar AYA da ke Abuja. Tirela ɗaya ta lalace a Kugbo, sai cunkoso ya koma baya har Mararaba, direbobi su kutsa lungunan Karu, lungunan su ma su toshe. Masana na auna muhimmancin layi irin wannan titi da yawan gajerun hanyoyin da dole su bi ta kansa.

Saɓani

Wani nazari na 2019 ya ce tsarin da Barabási ya siffanta bai yawaita ba a zahiri. Barabási bai yarda ba.