Sassaƙa jikin jitar lantarki don sa mata sabon jaki da tiremolo

Sassaƙa jikin jita aiki ne da ake yi wa katakon jitar lantarki, a fafe shi ko a huda ko a cike tsofaffin ramuka, don ya karɓi wani jaki daban da wanda kamfani ya ɗora mata tun farko. Jaki shine ƙarfen nan da tsirkiyoyi suke hawa kansa a can ƙasan jita, sunan da Bahaushe ya ba ɗan iccen da yake ɗauke da tsirkiyar garaya da goge kenan, masu kiɗan udu a nan Sudan su kuma faras suke ce masa wato goɗiya, yaran yanzu su ce birij. Tiremolo kuwa jaki ne mai motsi, yana da hannu na ƙarfe wanda in makaɗi ya danna tsirkiyoyi su saki murya ta yi ƙasa, in ya ɗaga hannunsa sifirin su dawo da jakin mazauninsa. Aikin rabinsa kafinta ne rabinsa kanikanci, kuma awo shine kan gaba a cikinsa, don katakon da aka fafe ba ya komawa yadda yake sai dai a yi masa ciko.

Suna

A wajen masana kiɗa tiremolo na nufin sauti ya riƙa ƙaruwa yana raguwa, shi kuma hawa da saukar murya sunansa bibarato. Kamfanin Fender ne ya kira nasa ƙarfen da tiremolo a 1954, sunan ya bi shi har yau.

Tarihi

Tun kafin a san jitar katako zalla an fara neman wannan lanƙwasar murya. Wani Ba'amurke Doc Kauffman ya ƙirƙiri abin da ya kira Vibrola wajen 1929, ya samu takardar mallaka a farkon shekarun 1930, kamfanin Rickenbacker ya ɗora shi a wasu jitocinsa. Matsalarsa ita ce matsalar duk wanda ya biyo baya, kana taɓa hannun saiti ya gudu. Bayansa sai Paul Bigsby, mutumin Kalifoniya wanda asalin sana'arsa babura ce, a ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon 1950 ya fito da nasa, sandar ƙarfe ce da tsirkiyoyi suke naɗe a jikinta da sifirin ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin hannun. Abin lura da Bigsby shine a saman jita yake zama, sukuru kawai ake ɗaure shi da su, babu fafe katako, shi yasa har yanzu masu tsoron taɓa jitarsu suke komawa gare shi.

Fafe jiki da gaske ya fara ne da jitar Stratocaster ta Leo Fender a 1954. Shi Fender sai ya haɗe jakin da wurin ɗaura tsirkiya suka zama abu ɗaya, faranti mai sukuru 6 a gaba, a ƙarƙashinsa dunƙulen ƙarfe da ya ratsa jikin jitar har bayanta, a bayan kuma aka fafe rami mai ɗaukar sifirin har 5 waɗanda suke ja suna gaba da jan tsirkiya. Gaskiya wannan tsari ko yau ka buɗe murfin bayan ka duba sai ka jinjina wa wanda ya zauna ya tsara shi, babu wani abu mai wuyar ganewa a ciki amma sama da shekara 70 kenan ana kwaikwayonsa. Wasu jitocin Fender, Jazzmaster ta 1958 da Jaguar ta 1962, sun zo da wani tsarin daban wanda ta sama kawai ake fafe masa. Kamfanin Gibson su kuma galibi jakin Tune-o-matic suka riƙe, wanda ba ya motsi.

Lokacin da sassaƙa jita ya zama ruwan dare shine ƙarshen shekarun 1970 da cikin 1980. Floyd Rose, wanda makaɗi ne da ya iya aikin ƙananan ƙarafa, ya gaji da jitarsa tana fita daga saiti, wajen 1976 ko 1977 sai ya yi dabarar ƙulle tsirkiya da ƙarfe a can saman wuya, daga baya ya ƙulle ta a wajen jakin ma, ya zama babu inda zata zame komai dannawar da aka yi. Ya samu takardar mallaka a 1979. Makaɗin rok Eddie Van Halen yana cikin waɗanda suka fara amfani da shi, kuma shi kansa jitarsa da aka fi sani haɗe-haɗe ce, jiki daban wuya daban, da cizal ya fafe ramin fikof ɗinta da hannunsa, fikof kuwa ita ce na'urar da take ɗauko sautin tsirkiya ta kai wa amfilifaya. Da kamfanin Kramer ya fara sa Floyd Rose a jitocinsa a farkon shekarun 1980 sai samari suka yi ca, kowa ya ɗauki tsohuwar jitarsa ya kai a fafe, a wannan guguwa aka lalata jitocin Stratocaster da Les Paul na shekarun 1950 da 1960 da yawa waɗanda da an bar su yadda suke yau kuɗinsu ya ninka ba adadi, abin da ban takaici. Kamfanin Kahler ya fito wajen 1981 da tsarin da sifirin ɗinsa suke cikin ƙarfen kansa, ɗan rami ta sama ya ishe shi. Makaɗi Steve Vai ya fafe katakon da ke bayan jakinsa don ya samu damar jan hannun sama sosai, kamfanin Ibanez suka mayar da wannan rami tsari a jitar JEM ta 1987. A daidai wannan lokaci Fender ma suka koma jaki mai turke 2 maimakon sukuru 6 a jerin American Standard.

Awo

Duk aikin a kan tsawon tsirkiya yake tsaye, wato daga matashin sama inda tsirkiya take barin kan jita zuwa inda ta hau jaki. A yawancin jitocin Fender inci 25.5 ne, kimanin milimita 648, a na Gibson inci 24.75, kimanin milimita 628. Ba sai ka yarda da abin da aka rubuta a kwali ba musamman in jitar irin ta Sin ce mai kwaikwayo, ka sa rula daga matashin sama zuwa tsakiyar firet na 12, wato na 12 cikin siraran ƙarafan da suke gicciye a kan wuyan jita, ka ninka biyu, tsawon kenan. Tsirkiya mafi siriri kusan a kan wannan layi take sauka, masu kauri kuma ana jan mazauninsu baya da milimita 2 ko 3, saboda haka dole jakin ya zauna inda kowane mazauni yake da sauran wurin matsawa gaba da baya. In aka kuskure wannan jitar zata yi daidai in ka kaɗa tsirkiya a sake, amma kana hawa wuya sai ka ji murya tana karkacewa, kuma babu juya makunnin da zai gyara.

Abu na biyu layin tsakiya, kuma daga wuya ake ɗauko shi don jikin jita ba kullum yake daidai da wuyan ba. Hanyar da na ga wani dattijon kafinta ya bi a wata warsha a Madani ita ce ya liƙa tef na takarda a kan fentin, ya ɗaura zaren ɗinki guda biyu a makunnin tsirkiya ta farko da ta shida, ya ja su har kan sabon jakin da ya ajiye ba tare da ya ɗaure ba, yana matsar da shi kaɗan kaɗan da ɗan yatsa yana runtse ido ɗaya har sai da tazarar kowane zare da bakin wuya ta zama ɗaya, sannan ya ɗiga alama da tsinin kusa. Ya fi rabin awa a kan wannan kaɗai bai taɓa inji ba.

Sai faɗin jaki. Tsohon tsarin Fender tazarar tsirkiya ta farko da ta ƙarshe kusan milimita 56 ce, sababbi da yawa kuma 52 da ɗoriya, in ka sa mai faɗi a siririn wuya tsirkiyar gefe zata riƙa zamewa tana faɗowa daga kan firet. Turakun Floyd Rose na asali kuwa milimita 74 ne tsakaninsu.

Yadda ake aikin

Ana fara kwance komai, tsirkiya da wuya in mai sukuru ne da fikof da wayoyi, a bar katako tsirara. Tsofaffin ramukan sukuru a cike su da fegin katako mai tauri da gam, a bar shi ya kwana sannan a yanke a goge da samfefa. Kar a cike da garin katako da gam kaman yadda ake wa ƙofa, don sabon turke sau da yawa dab da tsohon rami yake faɗawa, kuma tsirkiya 6 jansu gaba ɗaya ya kai kilo 40 zuwa 50 gwargwadon kaurinsu, ga jan sifirin a kai, duk a kan turaku biyun nan yake ƙarewa.

Huda ramin turke ana son a yi shi da injin huda na tsaye wanda ake saukewa da hannu, don ramin ya tafi a miƙe. Tawa jitar ta farko da injin hannu wani ya huda mata, turken gefen siraran tsirkiyoyi ya ɗan kwanta gaba, wata uku ba a yi ba katakon da ke tsakaninsa da ramin wayoyi ya tsage, dole aka yanke wurin aka dasa sabon katako aka sake hudawa, tabon yana nan har yau. Wannan gefen shine mafi rauni a jikin Stratocaster saboda katakon wurin siriri ne.

Fafewa da rauta ake yi, wato injin fafe katako mai baki mai juyawa, a ɗaure allon da aka riga aka yanke siffar ramin a jikinsa, bakin injin ya riƙa bin gefensa, ana sauka milimita 3 ko 4 a kowane zagaye, ba a cin zurfin a tashi ɗaya. Kafin nan a bi layin da reza a yanke fenti, in ba haka ba fentin nan mai kauri yana ɓantarewa kaman tangaran. Jikin Stratocaster kaurinsa kusan milimita 45 ne, jitar da ba ta da tiremolo tun asali sai an huda ta har baya an kuma fafe ramin sifirin, kuma ramin fikof yana daga ɗaya gefen, katakon da ke raba su ɗan kaɗan ne. Jita mai siririn jiki irin SG ta Gibson ba ta da kaurin da zai ɗauki dogon dunƙule. Wanda babu rauta yana iya rage katakon da injin huda ya ƙarasa da cizal mai kaifi, ya fi cin lokaci amma ana yi.

Floyd Rose yana da ƙarin aiki biyu. Ko dai a fafe masa gurbi ya nutse cikin jiki, ko a bar shi a sama a sa siririn ɓawon katako a ƙarƙashin gindin wuya don wuyan ya ɗan kwanta baya tsirkiya ta sauko. Sannan a saman wuya sai an cire matashin an daidaita wurin an ɗaura makullin ƙarfe, nan ma wuri ne da katako ba shi da kauri. A ƙarshe kar a manta wayar da ake liƙawa da dalma a jikin ƙarfen da sifirin suke maƙale, in babu ita amfilifaya zata yi ta gurnani. Saitin farko a tokare dunƙulen da ɗan katako, a ja tsirkiyoyi su kai, sannan a riƙa ɗaure sukurun sifirin har katakon ya saki da kansa farantin ya tsaya daidai da fuskar jita.

Ba tare da fafewa ba

Bigsby B5 yana hawa jita mai shimfiɗaɗɗiyar fuska da sukuru 4, akwai ma faranti na Vibramate da yake amfani da ramukan da suke nan. Wasu kuma akasin haka suke yi, su cusa katako su kashe motsin tiremolo gaba ɗaya kaman yadda makaɗi Eric Clapton yake yi wa nasa.

Saɓani

Wasu na cewa rage katako yana rage tsawon amon tsirkiya, dunƙule mai nauyi na tagulla ko ƙarfe yana ƙara shi. Wasu sun ce da zarar sauti ya bi ta fikof da amfilifaya bambancin ba ya jiyuwa. Abin da ba a musu a kai shine fafe tsohuwar jita yana karya farashinta.

A Sudan

Jitar lantarki ta samu gindin zama a Sudan ta hannun ƙungiyoyin da ake kira jaz, musamman Sharhabil Ahmed wanda aka haifa a Omdurman a 1935, matarsa Zakiya ma makaɗiyar jita ce a ƙungiyarsa. Salon nasu ya fi karkata ga kiɗa mai tsabta da ake rawa da shi, tiremolo irin na Fender ko Bigsby ya wadatar, Floyd Rose sai masu son kiɗan rok. Samarinmu na Mai Wurno da Madani da Gadarif da suke koyo yawanci jita mai araha suke samu ta hannu, ƙarafa kuma sai an yi saƙo wajen ɗan uwa a Jidda ko Alƙahira, yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya ƙara tsananta wannan. Saboda haka kafin ka yi saƙo ka auna komai ka ɗauki hoton jakin da rula a kansa ka tura, don in kaya suka iso ba daidai ba babu mayarwa.

Yanayi ma yana da nasa. Zafin Khartum a watan Mayu da Yuni yana haura digiri 40 ga bushewa, katako yana tsukewa, turken da aka buga a damina sai ka ga ya fara rawa a bazara. Fegin ciko a yi shi da busasshen katako da ya daɗe a warsha, maɗaci ko zan ɗin da ake kujeru da shi, ɗanye zai tsuke ya bar gefe. Ƙurar habub tana shiga bakin farantin inda yake goga turke ta riƙa cin sa, a Port Sudan kuma gishirin iska ne yake sa sifirin da ƙananan sukuru tsatsa. A riƙa goge wurin da ƙyalle, a ɗiga ɗan man keken ɗinki a bakin turakun duk lokacin da aka canza tsirkiya, a mayar da murfin baya a rufe.