Shin Ruwa Mai Gudu Ba Ya Riƙe Ƙazanta?

An daɗe ana cewa ruwa mai gudu ba ya riƙe ƙazanta. Shi ya sa a garuruwanmu na bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan, irin su Mai Wurno, wasu ba sa ganin aibin sakin ruwan masai cikin kogi.

Maganar ba ta rasa tushe ba: kogi na tsarma datti, rana kuma na kashe ƙwayoyin cuta. Sai dai hakan na cin kwanaki, ruwa kuwa ba ya jira. Ƙwayoyin kwalara da taifot kan isa gari na gaba da ransu, musamman da bazara, lokacin da kogi ya janye. Tsargiya ce ta fi tayar mini da hankali: ƙwanta na fita cikin fitsari ko bayan gida, ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta girma cikin dodon koɗi a magudanan ruwan noma na yankin Jazira, sannan ta huda fatar yaro mai wanka.

Ƙaramin gari ba sai ya sayi manyan injuna don tsabtace ruwan masai ba. Jerin tafkuna marasa zurfi, inda ruwan zai kwanta makonni cikin rana kafin a sake shi, na rage cutar ƙwarai.

Garau ɗin ruwa ba shaida ba ce. Akwai kwalbar gwaji da ke yin baƙi cikin kwana 2 idan ƙazantar bayan gida ta shiga. A tambayi ma'aikatan lafiya.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa mazauna bakin kogi.