Idon raga da girman kifi

Idon raga shi ne ramin da ke tsakanin ƙulle-ƙullen zaren abin kamun kifi. Shi ne ke raba kifin da zai shiga kwalekwale da wanda zai sulale. A takardun hukuma ana auna shi da milimita bayan an ja idon ya miƙe, masunta kuwa da yatsu suke gwadawa, sai ka ji an ce mai yatsa biyu ko mai yatsa huɗu.

Yadda kowane kaya ke zaɓe

Kalli raga ce da ake kafawa a tsaye cikin ruwa a bar ta ta kwana. Kifi ya cusa kai, ya nemi ja da baya, zare ya riƙe shi a bayan kai. Ƙarami yakan ratsa ya wuce, babba kuma kansa ba ya shiga, sai ya juya abinsa. Shi ya sa idan aka zazzage kamun kalli ɗaya, kifayen kan zo kusan kai ɗaya. Ƙurungu ne ke karya wannan ƙa'ida, domin ƙayoyinsa kan harɗe a zare ko da idon ya yi masa faɗi.

Taru, ragar da ake kewaye kifi da ita a jawo, da babbar ragar da jiragen teku ke ja rariya ne: duk abin da ya fi idon girma ya zauna, ba iyaka daga sama. Sai dai idan jakar ƙarshe ta cika ta yi nauyi, idanun kan tsuke, kifi ya toshe sauran, ƙanana da ya kamata su fita su mutu a ciki.

A ƙugiya, faɗin bakin kifi da girman abincin da aka maƙala ne ke zaɓe. Mamari, doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi ba abinci, a jiki yake kamawa, kuma ya fi samun marasa ɓawo irin tarwaɗa. Gura, tarko mai kama da kwando da ake lulluɓewa da raga, tana da iyaka biyu, bakinta da idonta.

Tarihi

Kukan ƙaramin ido tsoho ne. Wajen 1376 aka kai wa Sarki Edward na Uku na Ingila ƙara a kan wata raga da ake ja a ƙasan teku, wadda aka ce komai ƙanƙantar kifi ba ya fita daga cikinta, har masu ita na kiwon aladu da rarar. Lissafin abin bai zo ba sai 1914, lokacin da Baranov, masani ɗan Rasha, ya nuna cewa tsawon kifin da kalli ya fi kamawa yana tafiya daidai da girman idonsa. A 1937 ƙasashen Turai suka sa hannu a Landan kan yarjejeniyar idon raga da mafi ƙarancin tsawon kifi, aka sake wata a 1946 bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Aikin da Beverton da Holt, masana 'yan Ingila, suka fitar a 1957 shi ya kafa tunanin da hukumomin kifi suka rayu a kai shekaru da dama, wato a bar kifi ya girma ya yi ƙwai kafin ya isa kamu.

A Tafkin Chadi, zaren nailan ya bazu a shekarun 1960, ya maye gurbin ragar da ake saƙawa da hannu. Kamu ya ƙaru, manyan giwan ruwa suka ragu, masunta suka dinga rage ido don su bi abin da ya saura. Farin shekarun 1970 ya janye ruwan, tarwaɗa da karfasa da bargi suka mamaye kasuwar banda. Daga baya, a wajen shekarun 1980, dumba ta shigo: jerin gura da ake tare mashigar ruwa da shi gaba ɗaya.

A Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan gama madatsar a 1968, rigimar ta dala ce. Taru ce mai ido kamar gidan sauro, da ake ja zuwa gaɓa don warangi, kifin da ko ya tsufa da ƙyar yake wuce yatsa. Idon ya dace da warangi, amma yakan kwaso 'ya'yan faliya da na wasu manyan kifaye da ke renon kansu a bakin ruwa. An haramta ta a tafkin wajen 1999.

Doka

Dokar kamun kifi a koguna da tafkunan Najeriya ta 1992 ta sa milimita 76 a matsayin mafi ƙarancin ido, ban da ragar irin su warangi. A teku, jakar ragar kifi milimita 76 ce, ta jatan lande 44.

Saɓani

Wasu masana na ganin tsame manya kaɗai kan sa zuriyar kifi ta ƙanƙance, don haka suke kiran a rarraba kamu a kan kowane girma. Wasu sun ce hakan buɗe ƙofa ne ga kwashe 'ya'ya.