Ma'anar lambar IP da ke jikin na'urar sarrafa gudun moto

A masana'antun casar shinkafa na Kura da kuma gonakin rani na Kadawa da Auyo, ana ƙara amfani da na'urar nan da ke daidaita gudun moton lantarki, wadda masu aikin lantarki ke kira VFD, jama'a kuma ke ce mata inbata. A jikin kowace akwai ɗan allon bayani, kuma cikin abin da aka rubuta a kai akwai haruffa biyu da lambobi biyu, kamar IP20 ko IP54. Yawancin masu saye kilowat kawai suke dubawa, alhali wannan lambar ce ke nuna irin wurin da na'urar za ta iya zama.

Tsarin ya fito ne daga ƙa'idar IEC 60529 ta hukumar tsara ƙa'idojin lantarki ta duniya, kuma yana auna yadda kwanson na'ura ke hana abu shiga cikinta. Lamba ta farko, daga 0 zuwa 6, ta shafi abubuwa masu jiki: 2 tana nufin yatsa ba zai kai ga inda wuta take ba, 5 tana nufin ƙura za ta iya shiga amma ba wadda za ta hana aiki ba, 6 kuwa ƙura ba ta shiga sam. Lamba ta biyu ta shafi ruwa: 0 babu kariya, 4 tana jure fantsama daga kowane gefe, 5 tana jure ruwan da aka feso da tiyo.

Ke nan na'ura mai IP20, wadda ita ce ta fi yawa a kasuwa domin ta fi araha, an ƙera ta ne don a sa ta cikin akwatin lantarki a ɗaki mai tsabta. Kuskure ne a kafe ta a bango kusa da injin casa. Fankarta tana zuƙar iska ba dare ba rana, tana haɗawa da dusa da garin buntu, waɗanda ke toshe tsakanin haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi. Da hunturu ƙurar buji ta ƙaru a kai. Idan damina ta sauka, wannan ƙurar ta sha laima, sai ta zama hanyar wuta a kan allon na'urar. Ga kuma tsaka da ke son ɗumi, da zanzaro da ke gina gidan laka a ramukan iska. Duk wanda ya saba buɗe akwatunan lantarki a ƙauye ya san su.

Sai dai lambar IP ba ta cewa komai game da zafi, kuma a nan ne masu girkawa suka fi yin tuntuɓe. Na'urar tana mayar da kusan kashi 3 cikin 100 na wutar da ke ratsa ta zuwa zafi, wato mai kilowat 30 tana fitar da wajen wat 900, kamar a kunna dutsen guga a bar shi a cikin akwati. Idan aka rufe akwatin ruf don gudun ƙura, zafin ba shi da hanyar fita. Yawancin irin waɗannan na'urori an tsara su su yi cikakken aiki ne har zuwa digiri 40 na ma'aunin Salsiyas, daga nan kuma sai a rage nauyin da ake ɗora musu, sau da yawa kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a kan kowane digiri, gwargwadon abin da littafin kamfanin ya ce. A Kano da Jigawa zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40 a inuwa, balle a ɗakin da aka rufa da kwano. Kafasitocin da ke cikin na'urar, wato sassan da ke tara caji, su ne suka fi jin jiki, domin ƙiyasin da injiniyoyi ke aiki da shi shi ne duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin tsawon rayuwarsu.

A ganina, wanda zai girka a masana'antar casa gara ya ware wa na'urar ɗan ɗaki nata, da silin, nesa da inda buntu ke tashi, ya sa ta a akwati mai IP54 da fanka da matatar iska, kuma ya sayi wadda ta ɗan fi ƙarfin motonsa saboda bazara. Matatar kuma sai an riƙa kakkaɓe ta, in ba haka ba akwatin ya koma rufaffe. A bar sarari sama da ƙasa yadda littafin ya tanada, domin iska daga ƙasa take shiga ta fita ta sama.

Tsayin wuri sama da matakin teku ba matsala ba ne a nan, tunda sai an haura mita 1000 ake fara rage nauyi, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba.

Na'urar famfon sola da ke fili a fadama ita ke buƙatar IP65, amma ko ita a kafe ta a inuwa, ƙarƙashin faifan sola, sama da inda ambaliya kan kai. A kuma ɗaure ƙofofin shigar waya da kyau, domin lambar da aka rubuta tana aiki ne kawai idan murfi da robar bakinsa suna nan yadda kamfani ya haɗa su. Rami ɗaya da aka huda da ƙusa don zura waya ya isa ya soke ta.