Wai Meye Ma'anar "Premier Cru" Da Ake Liƙa Wa Château Lafite?

Duk lokacin da aka yi labarin an sayar da kwalbar giyar inabi guda ɗaya a kuɗin da zai sai gida a Abuja, to da wuya ka gama karantawa ba ka ci karo da sunan Château Lafite Rothschild ba, kuma a gefensa za ka ga an rubuta Premier Cru. Hukuncin giya dai a wurinmu Musulmi sananne ne, ba sai an tsaya jan zance ba, nan bayanin kalmar kawai za mu yi saboda mai karanta labaran kasuwanci ya gane me ake nufi.

Château da Faransanci asalinsa katafaren gidan masu sarauta ne, amma a yankin Bordeaux da ke kudu maso yammacin Faransa, gonar inabi ce haɗe da wurin da ake matse inabin a adana, ko da ginin bai kai ya kawo ba sunansa château. Cru kuma daga kalmar tsiro ya fito, wato abin da wata gona takamaimai ta fitar. Toh Premier Cru na nufin gona mai daraja ta ɗaya kenan.

Waye ya ba su darajar? Dillalai ne wallahi. A 1855 za a yi babban baje koli na duniya a Paris, sarki Napoleon na uku ya so a nuna wa baƙi giyar Bordeaux a jere bisa matsayi, sai ƙungiyar 'yan kasuwar Bordeaux ta miƙa aikin ga dillalan giya, su kuma ba wani dogon ɗanɗane suka tsaya yi ba, littattafan ciniki suka buɗe suka duba wace gona ce aka daɗe ana sayen kayanta da tsada, suka raba su aji biyar. A ajin farko na jar giya gonaki huɗu kacal suka shiga, Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion, kuma Lafite aka fara rubutawa a saman takardar.

Abin da ya fi ban mamaki shine takardar nan kusan ba ta motsa ba tun daga lokacin. Gonaki sun canja hannu, wasu sun sayi filayen maƙwabta sun haɗa da nasu, wasu sun yi shekaru suna fitar da kaya mara kyau, wani ƙwaro da ake kira phylloxera ma ya cinye saiwar inabin Faransa a ƙarshen ƙarni na 19 sai da aka sake dashe a kan saiwar inabin Amurka, amma matsayi yana nan daram kamar sarautar gado, wanda kakansa ya samu shi ke riƙe da ita. Babban canji ɗaya da aka yi shine na 1973, lokacin da aka ɗaga Mouton Rothschild daga aji na biyu zuwa na ɗaya bayan mai gonar, Baron Philippe de Rothschild, ya shafe shekaru yana naci da kamun ƙafa. Shi ya sa yanzu su biyar ne.

Ita Lafite tana garin Pauillac a yankin Médoc na Bordeaux, kusa da bakin ruwan Gironde, kuma Baron James de Rothschild na gidan shahararrun masu bankin nan na Turai ne ya saye ta a 1868, har yau tana hannun zuri'ar. Gonar ta ɗan haura hekta 100. In ka ga ƙasar wurin za ka ce ba abin da zai yi albarka a kai, tsakuwa ce zube da yashi, amma ita ake so, don ruwa ba ya kwanciya, dole saiwa ta nutsa ƙasa neman danshi, da rana kuma tsakuwar ta ɗau zafi ta riƙe shi zuwa dare. Mafi yawan inabin nau'in Cabernet Sauvignon ne, ƙanana masu kaurin ɓawo, a haɗa da Merlot. Jan launin ma daga ɓawon yake fitowa, ruwan cikin inabin ba ja ba ne. Sai a zuba a gangunan katakon oak masu cin lita 225 ya yi wajen shekara ɗaya da rabi kafin a ɗura a kwalba, wanda bai kai ba kuma a sayar da shi da wani suna daban, Carruades de Lafite.

Ni dai a ganina yanzu suna ake saye fiye da abin da ke cikin kwalbar. Da yawan masu sayen ba sa buɗewa, ajiyewa suke kamar gwal suna jiran farashi ya tashi. A 2010 an yi gwanjo a Hong Kong inda kwalba uku na Lafite 'yan shekarar 1869 kowacce ta tashi a kusan dala dubu 230. Lokacin attajiran China sun rufar wa sunan, har gonar ta buga lamba takwas da rubutun Sinanci a jikin kwalaben 2008 saboda su takwas lambar sa'a ce a wurinsu. Inda kuɗi irin wannan yake kuwa 'yan jabu ba sa nisa, har kwalbar Lafite da aka shanye ake saye don a sake cika ta da wata. A 1985 an sayar da wata kwalba a Landan fam dubu 105, wai ta 1787 ce kuma ta Thomas Jefferson shugaban Amurka na uku, daga baya bincike ya jefa babban shakku a kan sahihancinta.

Sai dai kar ka ɗauka ko'ina ka ga Premier Cru abu ɗaya ake nufi. A yankin Burgundy da ke gabashin Faransa, Grand Cru ne a sama, Premier Cru na bin bayansa. Sannan gonar Pétrus da ke Pomerol a yankin Bordeaux ba ta cikin jerin 1855 kwata-kwata, amma sau da yawa kwalbarta ta fi ta Lafite tsada.