Komawa aikin jinya da girma: me doka ta hana, me ba ta hana ba?

Maganganu biyu ke yawo a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa game da aikin jinya, kuma kowacce tana yin ɓarna. Ta farko mai kashe gwiwa ce: wai duk wanda ya haura shekara 25, ko matar da ta yi aure ta hayayyafa, ko malamin da ya yi NCE yana koyarwa, hukuma ta rufe masa ƙofar zama nas. Ta biyu ta fi muni: wai kwas ɗin wata shida ko shekara ɗaya na "okzilari", wato mataimakin nas, ya wadatar, daga baya za a ɗaga takardar ta zama ta cikakkiyar nas. Duka biyun ba sa cikin doka.

Dokar da ake nufi ita ce wadda ta kafa hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, NMCN. Dokar soja ce mai lamba 89 ta 1979, yanzu kuma tana babi na N143 a kundin dokokin tarayya na 2004. Hukumar ce ke amincewa da makaranta, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ita ke yin rajista ta ba da lasisi. Nas da ungozomar asibiti ta shafa. Ma'aikatan lafiya na matakin farko, wato CHEW da JCHEW da muke gani a asibitin sha-ka-tafi, tasu hukumar daban ce, an kafa ta a 1992. Masu kemis kuma suna ƙarƙashin hukumar harhaɗa magunguna, PCN.

Batun shekaru da aure ba ya buƙatar dogon bayani. Dokar ba ta ce malami ko tela ko matar aure ba za su yi wannan karatu ba. Wasu makarantu kan sa iyakar shekaru a sanarwar ɗaukar ɗalibai, amma wannan sharaɗin makarantar ne, a karanta sanarwar kowacce. Abin da ke tare yawancin masu son sauya sana'a shi ne takardar sakandare: kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. NCE ɗinka ba za ta cike gurbin Kimistiri ba, digirinka na Tarihi ma haka. Sai dai WAEC da NECO suna da jarrabawar 'yan waje, kuma mai furfura ma yana zama ya rubuta. Daga nan sai JAMB, domin ana ta mayar da makarantun jinya tsarin ND da HND na shekara huɗu, a madadin tsohon tsarin shekara uku. A jami'a, kamar Bayero, shekara biyar ce.

Yanzu ga inda ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. A rajistar NMCN babu wani gurbi mai suna okzilari, kuma babu matakalar da za ta ɗauke ka daga can zuwa nas. Wata 'yar unguwarmu, bazawara mai 'ya'ya, ta sayar da awakinta ta biya kuɗin irin wannan kwas a wani gida da aka kafa wa allo a bakin titi. An ɗinka mata fararen kaya, an yi bikin yaye su har da hoto. Da aka buɗe ɗaukar ma'aikata ta kawo min takardar a cikin leda, ta ce, "Malam, don Allah duba min, sun ce lambar lasisi suke so, ni ban ga inda take ba." Babu ita, kuma ba za a taɓa samun ta a wannan takarda ba.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne lambar da ake kira indeksin. Kowace makarantar da aka amince da ita tana da adadin ɗaliban da aka yarje mata. Bayan an fara karatu, makaranta ce ke tura sunayensu hukumar, a ba kowane ɗalibi lambarsa. Wanda ba shi da lamba ba zai zauna jarrabawar hukuma ba, wanda bai zauna ba kuwa babu rajista babu lasisi, ko da ya shekara huɗu yana ɗaukar darasi. Mutane na ruɗewa a wuri uku. Takardar rajistar kamfani da ake rataye wa a ofishin shugaban makaranta ba amincewar NMCN ba ce. Amincewa kuma ta kwas ce, makarantar da aka yarda ta yaye CHEW ba ta samu izinin yaye nas ba. Sannan ko makarantar halal ce, idan ta kwashi ɗalibai fiye da adadinta, waɗanda suka yi rara su ke zama babu lamba.

To mene ne laifin, kuma mene ne hukuncin? Laifi ne wanda ba shi da rajista ya yi aikin nas ko ungozoma don a biya shi, ko ya riƙa kiran kansa da wannan suna don mutane su ɗauka yana da rajista. Laifi ne a yi ƙarya don samun rajista. Buɗe wurin horar da nas ba tare da izini ba shi ma laifi ne. Hukuncin tara ne ko ɗauri ko duka biyun. Tarar an rubuta ta tun naira na da daraja, shi ya sa wasu ke raina ta. Amma ranar da allura ko ƙarin ruwa ya yi ajalin wani, magana ta tashi daga wannan doka ta koma ta rai, kuma wanda ya riƙe sirinji shi za a fara kamawa. A Kano, hukumar PHIMA mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu ta sha garƙame irin waɗannan wurare.

Kada tsoro ya wuce gona da iri. Wadda ke jinyar mahaifiyarta a gida ba ta taka doka ba. Mai shara da mai taimaka wa majinyata a asibiti aikinsu halal ne, muddin ba su shiga hurumin nas ba. CHEW mai lasisi ma'aikaci ne cikakke, sunan nas ne kawai ba nasa ba. Mai kemis kuwa lasisinsa na sayar da ƙananan magunguna ne, bai haɗa da allura ba.

Ni ina goyon bayan dokar, don jikin da ake tsira wa allurar na iyayenmu ne da 'ya'yanmu. Amma nauyinta ya fi faɗa wa marar ƙarfi. Yarinyar da ta gama sakandaren da babu malamin Fiziks ita ake tambaya kiredit biyar, kuma ita ce ke asarar dukiyarta, mai makarantar bogi ya sauya allo ya koma wani gari. Akwai magani, an ma gwada shi. Shirin Women for Health da Birtaniya ta tallafa daga 2012 ya kawo shekarar share fage a jihohin Arewa, har da Kano da Jigawa, inda matan karkara suka gyara darussan kimiyya kafin su shiga makarantun lafiya. Irin wannan ya kamata jihohinmu su riƙe da kuɗinsu, su faɗaɗa shi.

Mai niyya ya fara da makarantun da aka sani: ta jinya a Madobi ko Birnin Kudu, ta ungozoma a Dambatta, ta kimiyyar lafiya a Bebeji ko Jahun ga mai son CHEW. Idan mai zaman kanta ce, a duba sunanta da sunan kwas ɗin a jerin da NMCN ke wallafawa a shafinta na intanet, ko a tambaya a sashen jinya na Ma'aikatar Lafiya a Kano ko Dutse. Kafin a biya ko sisi, a nemi ɗalibin ajin ƙarshe a makarantar a ce ya nuna lambarsa ta indeksin.